Ma'aikata na wasa da rayukansu a wurin gini, ta ina zan fara gyara?

Mai kula da gini, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin gini. Bene ne mai hawa ɗaya ake ginawa a nan Birnin Kebbi, ni aka ɗora wa kula da shi a madadin yayana. An kai linta, kafinta ya fara kafa katakon dekin, wato rufin kankare, ana sa ran zubawa nan da mako 2.

Yadda ma'aikatan ke aiki ne ya hana ni sukuni. Birkila na tsayawa kan katako ɗaya da aka ɗora bisa durom 2. Leburori na hawa tsanin da ba a ɗaure ba da bulo a ka, in sun juye kwaɓi sai su jefo kwanon sarki daga sama. Kowa da silifas. An sayo hular kwano guda 10, suna nan jibge a sito. Mai yankan rodi ya cire murfin injinsa. Ga kuma wayoyin wuta da suka bi ta bakin titi, ba su da nisa da bangon gaba. In na yi magana sai a ce mini haka aka saba, kuma abin da Allah ya rubuta ba ya wucewa.

Kuɗin hannunmu ba su da yawa. Me ya kamata in fara gyarawa, me kuma zai iya jira?

Injiniyan gini, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam Malam. Ka fara da abin da ke kashewa nan take: wayar wuta, faɗowa daga sama, da rushewar dekin ranar zubi. Hular kwano tana da amfani, amma ba ita ce ta farko ba. Zancen waya na bar wa masu aikin wuta, ni zan tsaya kan sauran biyun.

Durom bai kai mita 1 tsawo ba, shi ya sa in gini ya tashi sai su ɗora bulo a kansa, su ɗora katako a kan bulon. Da zarar birkila ya miƙa jiki gefe guda, komai ya tafi. Ka sa kafinta ya haɗa benci mai ƙafa 4 da ɗaurin gicciye, aikin rabin yini ne. Wurin tsayawa kada faɗinsa ya gaza santimita 60, wato katako 2 masu faɗin inci 12 a jere, kuma masu kaurin inci 2. Katako mai kaurin inci 1 na shimfiɗar dekin ne, ba na ɗaukar mutum da bulo ba. A duba kowane katako, mai tsaga ko babban kulli a tsakiya a fitar da shi. Bakin katakon kada ya zarce abin da ya tokare shi da fiye da santimita 20, kuma a buga masa ƙusa ko a ɗaure, don wanda ya taka bakin da ya yi tsawo katakon zai ɗaga ya kifar da shi. Bulo mai inci 9 ya haura kilo 20, guda 10 kaɗai sun fi nauyin manya 3, saboda haka a riƙa miƙa wa birkila daidai abin da zai ɗora, ba a tara masa ba.

In wurin tsayawa ya kai mita 2 daga ƙasa, a yi masa shinge: katako ɗaya a tsawon kamar mita 1, wani a tsakiya, sannan wani mai faɗin santimita 15 a ƙasa don hana guduma da tsakuwa gangarowa kan na ƙasa. Haka za a yi wa gefen dekin da ramin matakala bayan an zuba. Mutane na raina hawa ɗaya, alhali wanda ya faɗo daga mita 3 yana dira ƙasa da gudun da ya kusa kilomita 28 a sa'a, kuma a wurin gini ba a kan yashi yake dira ba, a kan bulo ne ko rodin ginshiƙi da ke tsaye. Waɗannan rodunan a lanƙwasa bakinsu ko a kifa musu katako.

Tsani kuwa, duk mita 4 na tsawo a janye gindinsa mita 1 daga bango. Kansa ya zarce inda ake sauka da mita 1, a ɗaure shi a sama, kuma kada a jingina shi da bangon da aka ɗora yau. Tsani na hawa ne da hannu biyu a sake, ba hanyar kaya ba ce.

Yanzu dekin. Kankare mai kaurin santimita 15 yana da nauyin kilo 360 a kowace murabba'in mita. Ɗaki mai mita 4 da 4 ya kusa tan 6 ke nan, ban da mutane da kwanoni da girgizar inji. Duk wannan nauyin, a ranar zubi, gora ce ko sanduna ke riƙe da shi, ba ginshiƙai ba. Kafin a kira masu zubi ka shiga ƙarƙashi da injiniyan aikin ku duba tare.

Kowace tokara ta tsaya tsaye cak, kuma a kan katako mai kauri da aka shimfiɗa, ba a kan ƙasar ciko tsirara ba, ba a kan bulo ba. Dalili shi ne kafin zubi ana jiƙa katako, ruwan na sauka ya tausasa cikon, tokara ta nutse santimita 2 ko 3, nauyinta ya koma kan maƙwabtanta, su ma su lanƙwashe, sai a ji ƙara. Bulo kuma rami gare shi, fashewa yake yi. In da gora ake aiki, tazarar da aka saba ba ta wuce santimita 60, a ƙarƙashin bim, wato kankaren da ke kwance kan ginshiƙai yana ɗauke da dekin, a matse ta fiye da haka. Kada a yarda da gorar da aka haɗa biyu da ƙusa don ta kai tsawo, nan take karyewa. A ɗaure tokarorin da katako a kwance a tsakiyar tsawonsu ta ɓangarori biyu, a ƙara na gicciye, domin dekin sau da yawa ba ƙasa yake fara yi ba, gefe yake tafiya.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne baranda mai fitowa waje ba ginshiƙi a ƙarƙashi. Ita rodinta mai ɗaukar nauyi a sama yake. Leburori in suna kai-komo da kwaɓi sai su tattake shi ya kwanta ƙasa, kankare ya rufe, ba wanda ya gani. Ranar da aka cire katako, ko ranar da mutane suka taru a kanta, sai ta karye daga gindi. Maganinsa a sa kujerun rodi da yawa a ƙarƙashinsa, a shimfiɗa katakon tafiya a kan wasu ƙafafu daban, kuma mai ɗaurin rodi ya tsaya wurin har a gama, yana ɗaga duk wanda ya kwanta.

Sai ƙarin ruwa. Kwaɓi mai ruwa-ruwa ya fi sauƙin ɗiba da bazawa, don haka da an juya baya za a tuttula. Ma'aunin 1:2:4 shi ne buhun siminti 1, yashi kwanon sarki 4, tsakuwa kwano 8, ruwa kamar jarka 1 mai lita 25, a rage in yashin jiƙaƙƙe ne. A ɗora mutum ɗaya kan ruwa, kowa ya san shi kaɗai ke zubawa. Kada a jibge kwaɓi wuri guda a kan katako, a baza shi yana zuwa. Lokacin zubi ba mai zama ƙarƙashi, ko don inuwa. Kafinta ɗaya ya tsaya daga gefe yana kallon tokarori, kuma a ba shi ikon tsayar da aiki in ya ga ɗaya ta karkace.

Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka ƙiyasta masa, a kwana 7 bai wuce kamar kashi 2 cikin 3 ba. Kafinta zai matsa maka don yana son katakonsa a wani aikin. Katakon gefe ana iya cirewa da wuri, amma tokarorin ƙarƙashin dekin da bim ka bar su kwana 21 sai in injiniya ya ce wani abu daban, ana kuma ba kankaren ruwa aƙalla kwana 7. Wajen cirewa, a ɗaki a fara daga tsakiya a nufi bango, a baranda a fara daga bakin waje a nufo gindi.

Heluma, Gusau

Gaisuwa ga Injiniya, bayani ya yi. Amma Malam, ko ka yi duk wannan, in ba ka duba yadda anka shirya biyan kuɗi ba, gobe za ka tarar sun koma kan durom.

Galibin aikinmu jinga ne. Birkila kuɗin bulo yake ci, masu zubi kuɗin buhu ko kuɗin dekin gaba ɗaya. Duk mintin da sunka ɓata wajen ɗaure tsani ko kafa benci, daga aljihunsu ya fita. To wa zai yi? Ka cire aikin kafa wurin tsayawa da shinge daga cikin jinga, ka biya kafinta da lebura ɗaya kuɗin yini su yi shi tun kafin birkila ya iso. In ya zo ya iske benci a kafe, ba ya zuwa neman durom. Ranar dekin kuma kada ka rage yawan leburori don ka rage kuɗi. Mutum 12 in sunka yi aikin mutum 20, dare zai same su a sama, a gajiye, da fitilar waya. Sauri ya haifi nawa.

Zancen hula, kada ka ga laifinsu duka. Mai ɗaukar kwanon sarki gammo ke kansa, ba inda zai aza hula. Hula ta wajaba ga wanda ke ƙasa ana aiki a samansa, da kafinta mai cire katako, da mai karɓar kaya a gindin gini, da kai kanka. Kai ka fara sakawa, heluma ya saka, sannan ka yi magana. Kuma a gyara maɗaurin ciki daidai kan mutum, don hular da ke faɗuwa duk sanda anka duƙa ba mai haƙuri da ita. Abin da ya fi hula shi ne a ja igiya a kewaye gindin inda ake aiki a sama, ba mai ratsawa. Bulo a ɗaga shi da igiya da fuli irin na jan guga, mai ja ya tsaya gefe, ba ƙarƙashin kaya ba. Kwano kuwa ba a jefowa, a sauko da shi a hannu.

Hanyar hawa da kwaɓi a yi ta da faɗi, kada ta miƙe tsaye, a buga mata 'yan katakai a gicciye duk santimita 30 zuwa 40 don ƙafa ta samu makama, a sa mariƙi a gefe. In da hali a yi biyu, ta hawa daban ta sauka daban, don yawancin karo a nan ake yinsa. A aje yaro ɗaya da shebur yana kankare kwaɓin da ya zube yana watsa yashi.

Silifas a hana. Kuɗin hula 10 da kunka kashe, da takalmin roba mai tsawo anka fara saye da ya fi, domin ƙusa da siminti kullum suna nan. Masu ɗaura ledar siminti a ƙafa su shiga kwaɓi, ruwan na shiga ya kwanta a fata, da yamma ka ga ƙafa ta saɓule. Wando ya sauko a kan takalmin, ba a cusa shi ciki ba. Duk katakon da anka cire, a zare ƙusarsa ko a lanƙwasa ta nan take, a tara shi wuri ɗaya.

Akwai mutum uku da za ka sa wa ido. Na farko sabon zuwa, musamman 'yan ci-rani da sunka baro gona bayan girbi. Ƙarfi gare su, amma ba su san inda haɗari yake ba, kuma suna jin kunyar tambaya. Satin farko a bar su a ƙasa, a haɗa kowane da tsohon hannu. Na biyu mai shan ƙwaya don ƙarin ƙarfi. Za ka gan shi ba ya gajiya, ba ya jin ciwo, ido ya canza, ga saurin fushi. Wannan ba ya hawa sama, ba ya riƙe inji. Na uku ba ma'aikaci ba ne: 'yan mata masu tallan abinci da yaran unguwa. A ware musu inuwa a bakin ƙofa, can za a ci a biya. In an tashi aiki a kwantar da tsani, a rufe tankin ruwa da kowane rami, don yara da almajirai na shiga kango da yamma.

Masu cewa abin da Allah ya rubuta, gaskiya ne, amma ba wanda ke barin babur ɗinsa a kasuwa ba kulle don ya yi tawakkali. Kada ka tsaya gardama da su a kan wannan. Ka tara su minti 5 da safe, ka faɗi aikin yau da wuri ɗaya ko biyu da ke da haɗari, ka tambaye su abin da sunka gani ya lalace. Doka ta zama kaɗan, wadda kowa zai riƙe. Wanda ya karya a yi mishi magana a gefe, ba a gaban yaransa ba. In ya maimaita a sauke shi daga aikin ranar. Amma fa ka riƙa biya kan lokaci, kuma kada ka hana abu da safe, da la'asar ka ce a yi maza a gama ko ta yaya.

Mai aikin wuta, Jega

Malam, ka je ka ɗaga kai ka ƙirga wayoyin. In 4 ne a jere daga sama zuwa ƙasa, layin gidaje ne mai bolt 415. In 3 ne a can ƙololuwar fol a kan ƙarfe ko katakon gicciye, babban layi ne, 11,000 ko 33,000. Dukansu tsirara suke, ba roba. Ƙa'idar Najeriya ta ware wa layin 11,000 da 33,000 fili mita 11, wato 5.5 kowane gefe, ba a gini a ciki. In bangonku ko barandarku ta shiga nan, a tsaya a je ofishin kamfanin wuta na Kaduna, mai kula da Kebbi da Zamfara, kafin a zuba komai. Bayan an zuba gyaran ya yi tsada.

Ko ginin bai shiga ba, rodi tsawonsa mita 12 ne. Wanda ke kan dekin ya jawo shi sama ya juya, bakinsa ya isa titi. Babban layi ba sai an taɓa shi ba, in ƙarfe ya matso sosai wuta na tsallakowa. Saboda haka mutum da duk abin da ke hannunsa kada su kusanci waya da ƙasa da mita 3. A yanka rodi a lanƙwasa shi a ƙasa, a bayan gini, a ɗaga shi ta ɓangaren da ba waya, mutum 2 su riƙe shi a kwance. Haka kwanon rufi, da tsanin ƙarfe, da jiƙaƙƙiyar gora, da tifa in ta ɗaga baya tana juye yashi.

Kalmar da ta fi cin rai a wannan sana'a ita ce "ai babu wuta". Ana iya dawo da ita kowane lokaci, kuma janaretan wani gida da aka haɗa ba daidai ba yana tura wuta cikin layi. Layi bai mutu ba sai ma'aikatan kamfani sun kashe shi sun ɗaure shi da ƙasa.

Wutar cikin wurin aiki kuma, a daina cusa waya tsirara a soket ana tokarewa da tsinken ashana. A sa filogi, a rataye waya sama daga ruwa da hanyar baro, a sa na'urar nan mai katse wuta da kanta in ta fara bin jikin mutum, mai lamba 30mA. Janareta a waje, ba cikin ɗaki ba, kuma ba a zuba masa mai yana aiki.

Mai yankan rodi ya mayar da murfi yau. Yawanci suna cirewa ne don su ɗaura babban faifai a ƙaramin inji. Faifan inci 9 iyakarsa juyi 6,600 a minti, ƙaramin inji na inci 4 da rabi yana yin kusan 11,000. In faifan ya tarwatse, fuska da wuya yake nufa. Lambar juyin tana rubuce a jikin faifai da jikin inji, a gwada su. Faifai mai tsaga ko wanda ya sha ruwa a jefar, kuma tabarau dole ne.

Mai kula da gini, Birnin Kebbi

Allah ya saka da alheri, Injiniya, Baba Heluma da Malam mai wuta. Na ƙirga, wayoyin 3 ne a sama, gobe za a auna tazarar. Ƙarin tambaya: ana son a haƙa ramin sokawe a lokaci guda, zurfin kamar mita 3, ƙasar wurin kuma yashi-yashi ce. Sannan me ya kamata a tanada ko da wani ya ji rauni?

Injiniyan gini, Birnin Kebbi

Kada a haɗa haƙar da zubin dekin in ramin na kusa da gini ko hanyar tifa. A gama ɗaya tukuna.

Duk ramin da ya wuce mita 1.2, wato ya kai ƙirjin mutum, ba a barin bangonsa tsaye ba tokara, balle a ƙasa mai yashi. Ko dai a buɗe bakinsa a kwantar da gefen, a irin wannan ƙasa kamar mita 1.5 a kwance ga kowace mita 1 ta zurfi, ko kuma a jera katako a bango a tokare su da na kwance daga gefe zuwa gefe, ana haƙa ana ƙarawa. Ƙasar da aka fitar a zuba ta aƙalla mita 1 daga baki, bulo da siminti ma haka, don nauyinsu ne ke tura bangon. Ƙasa mita 1 tsawo da faɗi da zurfi ta kai tan 1 da rabi. Wanda ta rufe zuwa ƙirji ba ya iya jan numfashi ko da kansa na waje, kuma ba ta ba da sanarwa. Tsaga a bakin rami, ko yashi na zubowa kaɗan-kaɗan, ko ruwa na tsattsafowa daga ƙasa, kowa ya fito. Bayan ruwan sama a sake dubawa kafin a shiga. Tsani ya zauna a ciki kullum, mutum ɗaya kuma ya zauna a sama.

In akwai tsohuwar salga ko sokawe kusa, a yi hankali kada a huda ta. Iskar da ke cikinta na sumar da mutum cikin daƙiƙoƙi, kuma wanda ya yi tsalle ya bi shi don ceto shi ma can yake zama. Injin jan ruwa mai fetur ba ya shiga rami, hayaƙinsa kisa ne.

Ka kuma tambayi ɗan kwangilar ko ya yi wa ma'aikatansa rajista da NSITF, hukumar gwamnatin tarayya mai kula da asusun diyyar ma'aikata. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya, daga nan ake biyan wanda ya ji rauni ko iyalan wanda ya rasu a bakin aiki.

Ma'aikaciyar jinya, Argungu

Sannunku da ƙoƙari. Malam, tanadi na farko ba akwatin magani ba ne, mota ce da sanin inda za a nufa. Tun yau kowa ya san wa ke da mota a kusa da lambar wayarsa, kuma a nan Birnin Kebbi akwai Asibitin Sir Yahaya da asibitin koyarwa na tarayya.

Wanda ya faɗo daga sama, kada a ɗaga shi zaune, kada a ja hannunsa a ce ya miƙe, kada a ɗora shi a kabu-kabu. In ƙashin wuya ko na baya ya tsage, wannan jijjigar ce ke ƙarasa laka, mutum ya shanye har abada. Mutum ɗaya ya riƙe kansa da hannu biyu daidai da jikinsa, wasu 3 su juya shi gaba ɗaya a lokaci guda a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, a ɗaure shi a kai. Kada a ba shi ruwa ko abinci, wataƙila a yi masa tiyata. Wanda ya bugu a ka ya tashi ya ce lafiya lau, shi ma a kai shi, musamman in ya suma ko na ɗan lokaci, ko ya yi amai, ko barci na fizgarsa. Jini na iya taruwa a cikin kai a hankali. Zancen mai ɗori ya biyo bayan hoto, ba kafinsa ba.

Jini in yana zuba, a danna wurin da tsumma mai tsabta da ƙarfi minti 10 ba ɗagawa. Ba a zuba ƙasa, ko siminti, ko man birki. Rodi ko ƙarfen da ya shige jiki ba a zare shi, a tallafe shi da tsumma a tafi da shi haka. Ƙusa in ta soki ƙafa a wanke da ruwa da sabulu, a je a yi allurar tetanus a ranar, ko da ramin ƙarami ne.

Siminti in ya shiga ido, a buɗe idon a yi ta kwarara ruwa mai tsabta minti 20, ba murzawa, sannan asibiti. A fata ma a cire tufafin da ya jiƙe a wanke sosai, domin ƙunar siminti ba ta zafi da farko, sai bayan sa'o'i. Ku ajiye jarka ɗaya ta ruwa mai tsabta don wannan kaɗai.

Wanda wuta ta kama, a fara kashe ta daga tushe. Busasshiyar sanda tana aiki ne a wutar gida kawai. In babban layi ne kada kowa ya matsa, a tsaya nesa kamar mita 10 a kira kamfani. In an raba shi da wutar ba ya numfashi, a danna tsakiyar ƙirjinsa da hannu biyu sau 100 zuwa 120 a minti har a samu taimako.

Zafin Maris zuwa Mayu a yankinmu yana haura digiri 40. A sa randa a inuwa, kowa ya sha kofi 1 duk minti 20 ko bai ji ƙishi ba. Mai yawan zufa da murɗewar nama a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Wanda ya fara magana ba kan gado ko tangaɗi, jikinsa ya yi zafi rau, a kai shi inuwa, a cire masa riga, a jiƙa shi da ruwa ana fifita, a nufi asibiti ana ci gaba da jiƙawa a cikin mota. In zubin ya faɗo cikin azumi ko tsananin zafi, a fara bayan sallar asuba don a sauka kafin rana ta take, ko a yi shi bayan sha ruwa da isasshen haske a sama, a kan hanyar hawa, da kuma ƙarƙashi inda kafinta ke duba tokarori.